Talabijin Ta Ƙi Nuna Hoto, Sai A Goge Littafin Shekara Biyu?

'Yan uwa marubuta, a da can abokan gaban rubutu sanannu ne: gara ta ci, gobara ta lashe, ko ruwan damina ya yoyo ta rufin soro ya jiƙa akwatin takardu. Yanzu an sami wani sabo, wanda mu da ƙafarmu muke kai masa rubutu har inda yake, mu kuma biya shi lada. Sunansa fomat. Daga Kanya Babba zuwa Babura, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, kwamfuta ba ta isa ta yi tari ba sai ka ji an ce, "A yi mata fomat kawai." Ta yi nauyi, fomat. Ta ƙi kama intanet, fomat. An jona ta da talabijin hoto bai fito ba, fomat. A kan wannan na ƙarshen nake son mu tsaya a wannan makon, musamman ga mai laftof ɗin da aka ɗora wa babbar manhaja biyu, wato Windows da Linux, domin a nan ɓarnar ta fi fitowa fili, a nan kuma uzurinta ya fi rauni.

Maganata a taƙaice ita ce, baƙin allo a talabijin ko majigi ba ya cikin cututtukan da fomat ke warkarwa. Mai gyaran da ya ce a goge komai kafin ya bincika ya yi ganganci. Marubucin da ya gyaɗa masa kai kuwa ya yi sakaci da amanar da ke hannunsa, domin ba wanda ya san darajar abin da ke cikin na'urar nan kamarsa.

Mu fara da yadda irin wannan kwamfuta ta shigo hannunmu. Marubuci mai tasowa ba kasafai yake sayen sabuwa dal ba. 'Yar gwanjo ce, wadda ake kira 'yar Beljiyam, daga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko kuma wadda wa ya gama makaranta ya bar wa ƙane. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba ba wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, waɗanda tsofaffin laftof da dama ba su cika ba. Shi ya sa shawarar ɗora Linux ta ƙara ƙarfi. Kyauta ce, ba ta neman lasisi, tana tafiya a kan tsohuwar na'ura, ana samun manhajar rubutu ta LibreOffice a kanta ba ko sisi, kuma tana da tsarin kibod na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Masu iya ɗora ta ba su yi mana nisa ba. Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga cibiyar nan da aka fi sani da Informatics tun zamanin mulkin Saminu Turaki, Babura kuma ta sami Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Ɗalibi ɗaya da filashi ɗaya sun wadatar. Mai hankali a cikinsu ba ya goge Windows, sai ya raba rumbun ajiyar kwamfutar gida biyu, kowace manhaja da ɗakinta, in ka kunna ka zaɓi wadda za ka shiga.

To me ya kai marubuci neman allo na biyu? Wanda ya taɓa tace labari mai babi arba'in a kan allo mai inci 14 ba zai yi wannan tambayar ba. Ido na gajiya, kuma kurakurai na ɓuya a ƙaramin rubutu. Wani allon laftof ɗinsa ne ya tsage, kuɗin sauyawa ya fi ƙarfinsa, talabijin ɗin falo ita ce kaɗai hanyar da zai ga abin da yake bugawa. Wata kuma malama ce, tana son ta haska wa ɗalibai waƙa ko gajeren labari ta majigi. Sai a soka waya, a zuba ido, talabijin ta tsaya baƙi ƙirin ko ta rubuta cewa ba ta ganin sigina. Daga nan sai zuciya ta tsinke, a saka laftof a jaka, a nemi motar Kazaure ko ta Kano.

Kafin ka hau motar nan, ka sani kana riƙe da abin da mai manhaja ɗaya ba shi da shi. Kana da shaidu biyu a cikin na'ura guda. Ka kashe, ka sake kunnawa, ka shiga Windows, ka bar wayar a jone kamar yadda take, ka danna maɓallin Windows tare da harafin P, ka zaɓi a kwafa hoton ko a faɗaɗa shi zuwa allo na biyu. In hoto ya fito, shari'a ta kusa ƙarewa: wayar lafiya lau take, kafar da aka soka ta lafiya lau, talabijin ma haka. Abin da ya rage saiti ne ko direba a ɓangaren Linux. In kuma Windows ɗin ma ta gaza, to Linux ta kusa fita daga zargi, sai ka koma kan waya da adafta da talabijin. Wannan gwajin bai kai minti biyar ba, kuma ba ya cin ko naira ɗaya. Fomat kuwa yakan kashe shaidun nan biyu tun kafin a saurare su.

Ga kuma abin da ya fi ban takaici. A ce an goge Linux an sake ɗora irinta. Direban da babu shi jiya, yau ma babu shi, don haka allon zai sake tsayawa baƙi. An kashe maciji ba a sare kansa ba. In kuma Windows kaɗai aka mayar, akwai tarko babba. Linux takan tsara ɗakinta da wani tsarin ajiya mai suna ext4, wanda Windows ba ta karantawa haka kawai. Mai gyaran da bai saba da Linux ba zai ga wani ɓangare a rumbu wanda ba a nuna masa ko fayil ɗaya a ciki ba, sai ya ɗauka fili ne da babu kowa, ya share. A cikin "filin" nan ne babi talatin ɗinka suke zaune. Zai ma iya rantse maka cewa ya kwashe duk fayilolinka kafin ya goge, kuma ba ƙarya ya yi da gangan ba. Na ɓangaren Windows ya kwashe, su kaɗai ya gani.

Yanzu ga binciken da ya kamata a yi. A fara daga waje, daga abin da hannu ke taɓawa. Talabijin da yawa na da kafar HDMI biyu ko uku, kowace da lambarta. Ka soka a ta biyu, rimot kuma yana kan ta ɗaya, to ko shekara za ka yi ba za ka ga komai ba. Ka danna maɓallin zaɓen hanyar shigowar hoto a rimot, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka aro wata wayar ka gwada, ko ta dikoda ce, domin bakin HDMI na da 'yan ƙananan haƙora 19, kuma ƙurar hunturu da yawan cirewa da sakawa na lalata su. Ka kuma gwada laftof ɗin a talabijin ɗin maƙwabci. Mu da ke rayuwa tsakanin wutar gwamnati da janareta da sola, akwai ƙarin hattara: in kana taɓa bayan talabijin kana jin tana ɗan jan hannunka, to ka kashe na'urorin biyu kafin ka jona, don irin wannan yoyon wuta na iya ƙona kafar. Kafar da ta ƙone kuwa ba fomat ɗin da zai tashe ta.

Sai batun adafta, inda kuɗin mutane ke zurarewa. Tsofaffin majigi na makarantu da ofisoshi da yawa VGA suke karɓa, wato shuɗin bakin nan mai haƙora 15 da kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987. Yaren da VGA ke yi daban yake da na HDMI, don haka adaftar da ke tsakaninsu tafinta ce, kuma fuska ɗaya take fassarawa. Wadda aka yi don ta karɓa daga HDMI ta miƙa wa VGA ba za ta yi akasin haka ba, ko da bakunan sun shiga daidai. Wadda ke ɗauka daga VGA zuwa HDMI kuma galibi tana buƙatar a ba ta wuta ta kafar USB. Ka kuma sani VGA ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Haka nan ƙaramar kafar nan ta USB-C: ba kowace ke fitar da hoto ba, wata caji da fayil kawai take yi. Akwai kuma akwatunan jone-jone masu amfani da fasahar DisplayLink, waɗanda Windows kan nemo musu direba da kanta, a Linux kuwa sai ka sauko da shi ka ɗora. Wannan kaɗai ya isa ya sa abu ya yi aiki a ɗaki ɗaya ya ƙi a ɗayan.

In waje ya wanke kansa, sai a shiga ciki. A Ubuntu, danna maɓallin mai tambarin Windows tare da P na juya hoto tsakanin alluna kamar yadda yake yi a can. In bai yi ba, ka buɗe saitin kwamfuta ka shiga wurin da aka rubuta Displays, ka duba ko allo na biyu ya bayyana amma an kashe shi. In har yanzu shiru, ka buɗe baƙar tagar umarni da maɓallan Ctrl da Alt da T, ka rubuta xrandr, ka danna shiga. Kada baƙin tagar ya ba ka tsoro, tambaya kawai ka yi, ba ka sauya komai ba. Amsa uku ce za ta iya zuwa. In ta nuna HDMI kuma ta ce a jone take, kwamfuta ta ga talabijin, saura daidaita saiti. In ta nuna HDMI amma ta ce ba a jone take ba, koma kan waya da adafta. In kuwa babu sunan HDMI sam a jerin, sai na allon laftof ɗin kaɗai, to alama ce mai ƙarfi cewa matsalar direba ce. Abu ɗaya za ka kiyaye: sabbin fitowar Ubuntu na amfani da tsarin nuna hoto mai suna Wayland, wanda xrandr ba ta ganin komai nasa sosai. A fitowar 22.04 da 24.04 kana iya zaɓen tsohon tsarin, Xorg, ta ɗan tambarin saiti da ke kusurwar shafin shigar da kalmar sirri, kuma wani lokacin wannan sauyin kaɗai ke kawo hoto.

Mene ne direba? Ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin babbar manhaja da wani sashe na ƙarfen kwamfuta, kamar yaron mota da ya san yaren fasinja ya kuma san na mai mota. Laftof da yawa, musamman manyan na injiniyoyi da na masu wasannin bidiyo da ke ƙarewa a kasuwar gwanjo, injin hoto biyu gare su: ƙarami na Intel ko AMD mai tattalin batir, da babba na NVIDIA. A wasu daga cikinsu kafar HDMI da babban injin kai tsaye aka haɗa ta. In Linux ta kwantar da babban don ta adana caji, ko ba ta da direbansa na ƙwarai, kafar ta zama gawa, alhali allon laftof ɗin na aiki sumul. Umarnin lspci zai jero maka sassan na'urarka, ka duba ko sunan NVIDIA na ciki. In yana nan, a Ubuntu akwai wurin da aka rubuta Additional Drivers, a Linux Mint kuma Driver Manager, inda za ka zaɓi direban kamfanin, ka ɗora, ka sake kunnawa. Umarnin prime-select query zai gaya maka wane injin ke bakin aiki. Wannan rigima tsohuwa ce. Tun a 2012 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fito bainar jama'a a jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan ya caccaki NVIDIA kan wahalar aiki da ita. Abin da ya dami mai abin da kansa, don ya same ka a Kanya ba alamar kwamfutarka ta mutu ba ce.

Akwai wasu ƙulle-ƙulle uku da ke hana direba tashi. Na farko shi ne tsaron kunnawa mai suna Secure Boot, wanda ke hana duk direban da ba shi da sa hannun da ya yarda da shi. Wani lokacin bayan ɗora direba, in ka sake kunnawa, wani shuɗin shafi zai fito yana neman ka amince da makulli. Mutane kan tsallake shi cikin gaggawa, direban kuma ya ƙi aiki. Amma kafin ka taɓa Secure Boot, ka tabbata ka ajiye makullin BitLocker na Windows ɗinka in tana da shi, domin sauya wannan saiti na iya sa ta kulle ta nemi lambobi 48 da ba ka taɓa gani ba. Na biyu kalma ce guda, nomodeset, wadda mai ɗora Linux kan saka don ya samu ta tashi a karon farko, sai ya manta bai cire ba. Muddin tana nan, direban hoto ba zai kama aiki yadda ya kamata ba, allo na biyu kuma ba zai fito ba. Cire ta aikin layi ɗaya ne a fayil ɗin saitin GRUB, wato shafin da ke ba ka zaɓi lokacin kunnawa, sannan a bi da umarnin sudo update-grub. Na uku, in jiya yana yi yau ya daina bayan sabuntawa, to shafin GRUB yakan ajiye tsohuwar ƙwayar Linux a ƙarƙashin ƙarin zaɓuɓɓuka. Ka shiga da ita ka gani.

Wani lokacin hoto na fitowa amma a gurguje: ya yi dishi-dishi, ko gefensa ya yanke, ko ya riƙa ƙiftawa. Kowane allo yakan gabatar da kansa ga kwamfuta, ya faɗi sunansa da girman hoton da yake iya ɗauka. Waya mara kyau ko adafta mai arha kan haɗiye wannan bayanin, sai kwamfuta ta yi ta lalube. Talabijin masu inci 32 da yawa ɗigo 1366 a 768 suke da shi, don haka ka gwada wannan, ko 1280 a 720, ka sa sabuntawar hoto a kan 60 a daƙiƙa. In gefe ne ya yanke, maganin na cikin saitin hoto na ita talabijin ɗin. In sauti ne babu, ka zaɓi HDMI a saitin sauti. Windows kuma na da wata ɗabi'a mai suna Fast Startup, wadda ke sa in ka ce ta mutu sai ta yi likimo. Hakan kan sa Linux ta ƙi yin rubutu a ɗakin Windows, wani lokacin ma wasu sassan na'ura su tashi a birkice. Ka kashe wannan saitin, ko ka riƙe Shift lokacin da kake kashe ta. Ga mai tsagaggen allo kuma: laftof da yawa a allon cikinsu kaɗai suke nuna shafin GRUB, don haka baƙin da kake gani a talabijin a daƙiƙun farko ba lalacewa ba ce, jira kawai za ka yi manhaja ta gama tashi.

Na san abin da wasunku za su ce: "Ni marubuci ne, ba makaniki ba." To madalla. Amma ɗan acaɓa ba makaniki ba ne, kuma ya san bambancin ƙarewar mai da mutuwar fulogi. Ba ka taɓa jin ya yarda an sauke masa inji don babur ya ƙi tashi da safe ba. Tela ta san lokacin da zare ne ya sarƙe da lokacin da keke ke son mai. Manomin Babura da ke ban ruwa da inji ya san ya duba tiyo kafin ya kira mai gyara. Kowane mai sana'a ya san kayan aikinsa gwargwadon abin da zai hana a cuce shi. Me ya sa marubuci, wanda aikinsa kenan lura da bin diddigi, shi kaɗai zai ɗauki jahiltar kayan aikinsa abin ado? Wanda ya iya riƙe zaren labari mai taurari ashirin ba tare da ya ɓata sunan ko ɗaya ba, bin matakai bakwai ba zai gagare shi ba. Ƙyuya ce kawai aka sa mata rigar tawali'u.

Wasu kuma za su ce na zalunci masu gyara. A'a, ina ganin uzurinsu sarai. Yawancinsu a kan Windows suka koyi aiki a wurin ubangida, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu Linux. Kuɗin aiki ake biyansu, ba kuɗin awa ba, ga layi na jira, ga mai kaya na cewa a yi sauri kada motar ƙauyensu ta tashi. Fomat aiki ne da ya san farkonsa ya san ƙarshensa, bincike kuwa bai san inda zai kai shi ba. Akwai kuma nagartattu a cikinsu da ba sa goge komai sai sun tambaye ka sau uku. Amma uzuri ba ya dawo da littafi. Wanda bai san Linux ba, abin da ya dace da shi ya ce, "Malam, wannan ban san ta ba, kai wa wane." Wannan kalmar ba ta rage wa kowa daraja. Abin da ba za a lamunta ba shi ne a rufe rashin sani da goge-goge, kuma muddin muna biya muna godiya, ba ranar da za a daina.

Akwai masu cewa, "To ai ga irinta nan, ku rabu da Linux ɗin mana ku huta." Wannan shawara ce ta wanda ke da kuɗin sabuwar kwamfuta. Ga wanda tsohuwa ce kaɗai gare shi, zaɓin da ya rage masa shi ne ya zauna da Windows ɗin da aka daina toshe mata ɓaraka, ko ya ɗora ta sata, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Linux kuma ba baƙuwar jiya ba ce. Torvalds ya sanar da aikinsa ranar 25 ga Agusta, 1991, bayan kwana biyu, ranar 27 ga watan, aka ƙirƙiro jihar Jigawa. Sa'o'in juna ne. Wayar Android da ke hannunka kana karanta wannan rubutu a kan ƙwayar Linux aka gina ta. Gaskiya ne tana da wuraren da take ba da wahala, kuma allo na biyu na cikinsu, domin masu ƙera laftof sun fi gwada kayansu da Windows. Amma wahalar da aka san sunanta, aka san maganinta, ba ta kai a ƙona rumbu a kanta ba.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta fi shafarmu. Duk abin da na zayyana a sama yana nan a rubuce da Turanci, shafi dubbai. Da Hausa fa? Sai ka wahala kafin ka sami ko sakin layi ɗaya. A wannan giɓin fomat ke kiwo. Ɗalibin sakandaren kimiyya ta Kanya Babba da ya gaji laftof ɗin yayansa, in allo ya yi baƙi, wa ya rubuta masa abin da zai yi da harshen da yake tunani da shi? Kada wani ya ce Hausa ba za ta iya ɗauka ba. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah suna bayyana halittu da al'amuran kimiyya da Hausa tun kafin a haifi iyayen da yawanmu. Baban Sadiq ya shafe shekaru yana bayanin kwamfuta da intanet a jaridar Aminiya. Hanya a share take. Mu ne muka taru a layi ɗaya, kowa na rubuta attajirin saurayi da 'yar talakawa, muka bar mai neman yadda zai ceci aikinsa ba mai yi masa magana. Ba na raina labarin soyayya, yana da masu karatu kuma yana da amfaninsa. Amma rubuta bayani mataki-mataki wanda mutum zai bi ya ga sakamako horo ne da ba ya yafe kuskure. In ka tsallake mataki ɗaya, allon mai karatu ba zai kawo ba, kuma zai dawo ya gaya maka. Marubucin da ya sha wannan horon, ko labari ya koma rubutawa za ka ga bambanci a tsarinsa.

Saboda haka ga abin da nake nema daga gare ku. Yau, ba gobe ba, kowa ya kwafi rubutunsa zuwa filashi, ya kuma tura wa kansa ta imel. Littafi mai kalma 100,000 in tsurar rubutu ne bai kai megabayit ɗaya ba, hoto guda na biki ya fi shi nauyi, don haka babu uzurin data. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ranar da za ku kai laftof gyara, ku faɗa wa mai shagon tun daga bakin ƙofa cewa manhaja biyu ce a ciki, kuma ba a goge ko a raba rumbu sai kuna tsaye. In ya ce sai fomat, ku tambaye shi me ya gwada, me ya gani, kuma me ya sa yake zaton fomat zai gyara. In ya kasa amsawa, ku ɗauki kayanku ku yi masa sallama cikin mutunci. Ku ajiye filashi ɗaya mai ɗauke da Linux wadda ake kunna kwamfuta da ita ba tare da an ɗora ba, domin da ita za ku iya gwada allo, ku kuma kwashe fayiloli ko da manhajojin biyu sun ƙi tashi.

Sannan duk wanda ya ci karo da wata matsala ya warware ta, ya zauna ya rubuta da Hausa: samfurin laftof ɗinsa, fitowar Linux ɗin da ke kai, abin da ya gani, abin da ya gwada bai yi ba, da abin da ya yi aiki a ƙarshe. Ya ba wa wanda bai taɓa buɗe tagar umarni ba ya bi, in ya maƙale a wani layi, a gyara layin. Wanda yake ganin na yi tsauri a kan masu gyara, ko yana da hujjar da ta sa fomat ya cancanta a wannan matsala, fili a buɗe yake, ya kawo ta mu auna. Sharaɗi ɗaya ne: ya zo da sunan na'urar da abin da xrandr ta nuna masa.